Sibylle Baier ko Connie Converse: da wa za ka fara?

Ƙanena, ka ce kana son waƙar murya da jita kawai, wadda aka naɗa a gida har ana jin shuu ɗin tef, kuma ka rasa wanda za ka fara ji tsakanin kundin Colour Green na Sibylle Baier da kundin How Sad, How Lovely na Connie Converse. Ni dai na ce ka fara da Colour Green.

Sibylle Baier Bajamushiya ce, amma da Turanci take waƙa. Tsakanin 1970 da 1973 ta naɗi waƙoƙinta a gida, ta ajiye, daga baya ta koma Amurka ta rungumi renon 'ya'yanta. Sai bayan shekara talatin ɗanta ya kwashe su a CD ya raba wa dangi, kwafi ɗaya ya faɗa hannun mawaƙi J Mascis, shi kuma ya miƙa wa kamfanin Orange Twin, aka fitar a 2006. Waƙa 14 ne. Muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar mai gudun tada jariri daga barci, don ba ta yi su saboda kasuwa ba. Ko ba ka kama Turancin duka ba, karin sautin zai riƙe ka, yadda baƙon da ba ya jin Hausa kan tsaya wa kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos.

Connie Converse kuwa ta nemi masu saurare, ba ta samu ba. A New York, wajen 1954, Gene Deitch, wani mai zanen katun, ya naɗi waƙoƙinta a kicin ɗinsa, har ta fito a talabijin sau ɗaya, amma ba kamfanin da ya ɗauke ta. A 1961 ta haƙura ta koma garin Ann Arbor na jihar Michigan, inda daga baya ta yi aikin mujalla. A Agustan 1974, tana da shekara 50, ta rubuta wa 'yan'uwa wasiƙu, ta loda kayanta a Volkswagen ɗinta ta tafi. Har yau ba labarinta. Kundinta How Sad, How Lovely bai fito ba sai 2009.

Ita daɗin nata a baitoci yake. Akwai habaici, akwai barkwanci mai ɗaci, to in kalma ta wuce ka, rabin abin ya wuce. Shi ya sa na bar ta a ta biyu. Amma in ka matsa mini, ita ce ta fi iya shirya waƙa, kuma ita na fi komawa gare ta.

Kada ka yi irin wautata. Na fara kunna Baier ne a motar haya daga Bauchi zuwa Gombe. Kafin Alƙaleri ƙarar inji da hirar fasinjoji sun haɗiye jitar, na ce ai ba komai a ciki. Ka bari sai bayan isha'i, masu janareto sun kashe, ka sa abin ji a kunne.