Akwatin sifikar mota: rufaffe ko mai ƙofar iska?

Rufaffen akwati ya fi sauƙin haɗawa. Sifika mai inci 12 takan wadatu da akwatin da girman cikinsa ya kai lita 30 zuwa 35, a yanka katakon MDF (wanda ake yi da matsattsen garin katako) mai kaurin milimita 18, a bi kowace kusurwa da gam kada iska ta sulale. Iskar da ke ciki ita ke riƙe sifikar, shi ya sa bugun ganga ke fita tsaf, ba ya ja. Sai dai yana son amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai ƙarfi.

Mai ƙofar iska ya fi amo, amma yakan kai lita 50 ko fiye, ya cinye but ɗin mota. In kafinta ya kuskure tsawon bututun da iskar ke fita ta cikinsa, sai gurnani. Ni kam rufaffen zan zaɓa, in samu wurin ajiye kaya.