Hoton Siti Sikan na Jijiyoyin Zuciya: Wa Zai Amfana, Wa Zai Yi Asarar Kuɗi?

A Gombe, duk ciwon ƙirji sunansa olsa har sai abu ya ci tura. Alhali nauyin ƙirjin da ke taso wa mutum in ya hau bene ko ya yi sauri, ya lafa in ya huta, sau da yawa daga jijiyoyin da ke ciyar da zuciya yake, kitse ya rage musu hanya. Isiji (gwajin lantarkin zuciya) da eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti) ba sa nuna cikin waɗannan jijiyoyi, don faɗinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Siti sikan (na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka) na jijiyoyin zuciya kuwa yana nunawa, ba tare da an zura bututu har zuciya ba.

Ƙarfinsa wajen wanke mutum yake. In hoton ya fito sarai kuma babu toshewa, da wuya ciwon ya zama daga nan. Wani bincike na ƙasar Sikotilan da aka wallafa a 2018 ya nuna cikin shekara 5 toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya ko mutuwa ta dalilin ciwon jijiyoyin zuciya ta samu kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa hoton, kashi 3.9 na waɗanda ba a yi wa ba, domin waɗanda aka yi wa hoton an fara musu magani da wuri.

Amma gwaji ne mai tsirfa, shiri kaɗan in ya kuskure kuɗi sun tafi. Kafin ka biya, ko takardar daga Asibitin Koyarwa na Tarayya aka ba ka ko daga wani likitan, tambayi wurin ko na'urarsu ta kai mai yanka 64. Ƙasa da haka hoton zuciya mai motsi dishi-dishi yake fitowa. Ana so bugun zuciya ya sauko wajen 60 a minti, shi ya sa ake ba da metoprolol, miligiram 50 zuwa 100, awa guda kafin a fara. Mai asma ya faɗa tun da wuri. A bar shayi da kofi na awa 12, har da goro, wanda dattawanmu ba sa lissafawa, ga shi yana tayar da bugun zuciya sosai.

Dab da ɗauka ana sa ƙwayar nitroglycerin a ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe. Nan haɗarin yake: wanda ya sha Viagra ko wani haɗin ƙarfin maza cikin kwana biyu, jininsa na iya faɗuwa warwas. Kunya ba ta da wuri in aka tambaye ka ko ka sha. Daga nan a tura ruwan aidin, wanda ke sa jijiyoyin su fito a hoton, mililita 50 zuwa 100, ta jijiyar hannu. Ɗumi zai ratsa jiki, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, mutum ya ji kamar ya saki fitsari, bai kuwa yi ba. A riƙe numfashi daƙiƙa 10, an gama. Wurin da bai nemi gwajin ƙoda ba kafin wannan ruwa, musamman ga mai ciwon suga, kada a yarda da shi.

Inda yake gazawa shi ne jijiyar da kalsiyam ya daskare a bangonta. In makin kalsiyam ɗin da na'urar ta auna ya haura 400, ƙyallinsa a hoton yakan sa a ga toshewa kamar ta zarce yadda take a zahiri. Bugun da ba ya tafiya daidai ma yana ɓata hoton. Kuma toshewar kashi 50 zuwa 69 sai an ƙara wani gwajin kafin a san ko tana hana jini isa.

Mai kumburin ƙafa da haki, wanda hawan jini ya gajiyar da zuciyarsa, ko mai jegon da zuciyarta ta yi rauni, eko suke buƙata, ya kuma fi araha nesa. Wanda ciwon ƙirji ya turnuƙe yana zaune, da zufa, sashen gaggawa zai nufa. Ga sauran, hoton ya cancanci kuɗinsa, amma a karɓi faifan hotunan tare da rahoton, domin likitan zuciya zai so ya duba da idonsa.