Ceri, taiga ko rozi: wane bab zai jure zafin Damagaram?

Tun da na ajiye akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon kifi, a falo duk wanda ya shigo sai ya tambaye ni wane kifi zai saya, to ga abin da na gani da idona kan dangin bab, ƙananan nan masu yawo garke-garke. A gilashin mai sayarwa duk kyawawa ne amma hali ba ɗaya ba, kuma mu nan Damagaram kafin ka dubi launi ka fara tunanin zafi. Afrilu da Mayu waje yakan wuce digiri 40, ruwan akwati a ɗaki mai rufin kwano yana iya haura 30, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take, sai kuma a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, pampon iska ya tsaya, ka ga kifaye sun taso sama suna ta buɗe baki.

Bari in fara da taiga tunda shi ke ruɗin mutane. Asalinsa Sumatara da Borniyo ne, zane huɗu baƙaƙe a jiki, tsawonsa wajen santimita 7, ga kuzari. Ni huɗu na sayo a Kano, mai shagon ya ce min "Alhaji ba su da matsala, haɗa su da kowa", na haɗa su da gupi masu dogon wutsiya. Kwana uku ne, da safe ƙaramar ƴata ta zo tana ja min riga, Baba wa ya yaga wa kifi zane? Na leƙa, wutsiyar gupin nan ta koma kamar tsumma, ya laɓe bayan filta mai tace ruwan ko motsi ba ya son yi. Taiga mai cizon fiffike ne, in sun yi kaɗan sai su huce kan maƙwabta, in sun kai takwas ko goma rigimarsu tsakaninsu take tsayawa galibi. Zafi kam yana ɗan jurewa, shi ya sa ban ce kar a saya ba, amma a ba shi akwatinsa na lita 100, ba gupi ba anjel ba beta, duk masu dogon fiffike ne. In zanen ne ya burge ka akwai ɗan uwansa mai zane biyar da ake ce wa pentazona, kamarsu ɗaya daga nesa, shi ba ruwansa da kowa, sai dai samunsa wuya kuma ya fi son ruwa mai laushi.

Ceri shi ne nawa, ba ɓoye-ɓoye. Daga Siri Lanka ya fito, bai wuce santimita 5 ba, namiji ja wur musamman in yana neman mace, macen kuma ruwan ƙasa-ƙasa da layi a gefe. Digiri 23 zuwa 27 ya fi so, wato ya fi yawancin ƴan uwansa kusa da yanayinmu. Ba ya cizon kowa, lita 60 zuwa 80 ta ishi guda takwas, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da wani lokacin sai ka jira ga-ruwa ya kawo maka bido. Kunya ce aibinsa, in akwati fayau yake babu tsirrai babu wurin ɓuya sai ya kwashe kwanaki a lungu launinsa ya kode ka ce an cuce ka. Sa masa tsirrai da ƙasa mai duhu, ka sayi mata su fi maza yawa, kamar biyu ga kowane namiji, in ba haka ba mazan su hana mace ɗaya sakat.

Rozi da bab mai ruwan gwal kuwa matsalarsu ɗaya, ƴan sanyi ne. Rozi na Indiya da Bangaladash, mai gwal asalinsa kudancin Sin da Biyetnam, dukansu sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, lafiya lau suke ko hita ba sai ka sa ba, bazara ce ke galabaitar da su. Mai ɗaki mai sanyi ko sola da ba ta yankewa zai iya, mai gwal ya fi haƙuri da maƙwabta, rozi ya fi girma kuma yana cin tsirrai masu taushi, wani sa'in ma ya ɗan taɓa fiffiken wasu. Denison mai jan layi a hanci, na kogunan Kerala, ya fi su duka kyau da tsada, yana kai santimita 15 kuma ruwa mai sanyi mai gudu yake so, ni dai ba zan jefa kuɗina a nan ba. Tinfoyil kuma kar ƙanƙantarsa a shago ta yaudare ka, yana kai santimita 35.

Ko wanne ka zaɓa kar ka sayi biyu ko uku don ka gwada, shida ne mafi ƙaranci. Kuma kafin kuɗin kifi ka ware na pampon iska mai batir, da termometa na auna zafin ruwa, da ƙaramin bantilata da zai riƙa hura saman ruwa, yana sauke shi digiri biyu ko uku sai dai ruwan na saurin ƙafewa, ka riƙa cikawa. Akwatin ya yi makonni yana aiki da filta kafin garke ya shiga, don ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi su samu zama. Ruwan pampo akwai jabel, wato kulorin, a ciki, ni ina barinsa a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya don ya fita, ina canja kashi ɗaya cikin huɗu duk mako.

In daga Kano za a kawo maka, a kawo da hunturu, a sa ledar cikin kula, kar direba ya jefa ta but. Da ta iso ka ɗora ta kan ruwan akwati minti 20 a ɗaure kafin ka kwance.