Irin masarar da zan saya bana, da wanda ba zan sake kallo ba

A wajenmu nan, daga Bichi har Ɗambatta, damina ta daina cika alkawari. Ruwa ya sauka, ka yi shuka, sai ya ɗauke mako biyu. Ko ya tafi gaba ɗaya a Satumba masara tana tsakiyar goyo, alhali ka riga ka zuba takin da ka sayar da akuya ka saya. Shi ya sa tambayata ta farko kan kowane iri ita ce: kwana nawa yake yi?

Zaɓina SAMMAZ 27, wadda aka fi sani da EVDT, daga cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya. Fara ce, tana nuna a kwana 90 zuwa 95, tana jure fari, tana jure ƙuduji. Bara da ruwa ya yanke, ganyenta kan naɗe da rana tsaka, da safe in tarar ya buɗe shar. Kuma ba mai aure (haɗin iri biyu, wato hybrid) ba ce, kana iya ware iri daga tsakiyar gona ka shuka baɗi. Buhunanta ba za su kai na mai aure a shekarar wadata ba, amma gidanka ba zai rasa tuwo ba.

Oba Super 2 tana zuba amfani, sai dai cin taki gare ta, a bar wa mutanen Doguwa da Tudun Wada masu ruwa. Masarar TELA da aka fitar a 2024 tana jure tsutsa, amma kowace shekara sai ka sayi sabon iri. Tsohon irin gida mai wata huɗu kuwa, ruwanmu ba ya jiransa.

Amma jama'a, ku kula da jabu. Shekara uku da suka wuce na sayi leda biyar a wata kasuwa, ja wur, har da hoton zangarniya a jiki. Ashe masarar tuwo ce aka shafa wa kala. Rabi bai tsiro ba, wanda ya tsiro wani dogo wani gajere, damina ta wuce ni. Mai shagon ya rantse bai taɓa ganina ba.

Kada ka sayi iri a kwano. Nemi leda rufaffiya mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC, ka kankare lambar da ke jikin ledar ka tura ta waya don tabbatar ba jabu ba ne, tun kana tsaye a shagon. Tambayi malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta Kano, KNARDA, ko JARDA in kana Jigawa, dilan da ya sani. Da ka isa gida, ƙirga ƙwaya 20 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Bayan mako guda in ƙasa da 17 suka tsiro, mayar masa da kayansa tun ruwan shuka bai sauka ba.