Titin Las Vegas: akwai abin kallo, amma a shirya

Ɗan Sakkwato ba ya tsoron rana, sai dai zafin Las Vegas na watan Yuli ya kai namu na Afrilu, har ya wuce digiri 40. Shahararren titin birnin, wanda ake kira Strip, yana jihar Nevada a Amurka, tsawonsa kusan kilomita 7, otal na bin otal. Da rana kada ka yi gangancin takawa da ƙafa, hau bas ɗin Deuce mai hawa biyu, wadda ke zirga-zirga dare da rana.

Abin da ya fi burge ni kyauta ne: ruwan gaban otal ɗin Bellagio. Da dare duk bayan minti 15 sai ruwa ya yi tsiri sama yana rausaya tare da kiɗa, iska na yayyafa wa masu kallo a fuska. A tsakiyar hamada fa! A otal ɗin Venetian kuma kwale-kwale ke yawo cikin gini, an zana rufin kamar sararin sama. Ginin Sphere mai siffar ƙwallo da aka buɗe a 2023 shi ma ya isa kallo ko daga waje.

Abin da ya dame ni shi ne caca. A yawancin otal-otal sai ka ratsa ta tsakiyar injinan caca da hayaƙin taba kafin ka kai ɗakinka, kuma shigar mutane da dare sai kawar da kai. Ban ba mai iyali shawarar kwana a kan titin ba. Ya nemi masauki a gefe, ya tambayi kuɗin da ake ƙarawa kan na ɗaki kafin ya biya. Masallatai da abincin halal akwai cikin gari, sai dai da mota.