Takardar shaidar Colt a gwanjon bindigogin yaƙi

A kasuwar gwanjon tsofaffin bindigogin yaƙi ta Amurka, sunan wanda ya taɓa riƙe bindiga shi ne ke ɗaga farashinta. Ƙananan bindigogi biyu ƙirar Remington na Janar Ulysses Grant sun tashi a kan dala miliyan 5.17 a gwanjon Rock Island a 2022, kuma inda kuɗi ya kai haka ba a rasa masu ƙaga tarihi su jingina shi ga ƙarfen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka ne masu sayen bindigogi ƙirar Colt ke neman takardar shaida daga sashen adana bayanai na kamfanin Colt da ya ƙera su.

Mai bindiga zai aika lambarta tare da kuɗin bincike, ma'aikatan su duba tsofaffin littattafan fitar da kaya, sannan su rubuto ranar da ta bar masana'anta, faɗin bakinta, tsawon bututunta, irin launin da aka yi wa ƙarfenta, da inda aka aika ta. A nan aikin nasu ya cancanci yabo sosai, domin idan takarda ta ce bindiga ta fita ba ado, ga ta kuma a teburin gwanjo da zane da ruwan azurfa, mai saye ya san daga baya aka yi mata wannan kwalliyar.

Sai dai takardar tana tsayawa ne a inda aka sauke kaya. Za ta iya nuna cewa an kai wata ƙaramar bindigar soja samfurin 1911 rumbun makaman soja, amma ba za ta faɗi hafsan da ya rataya ta a fagen yaƙin Normandi na Faransa a 1944 ba, wanda kuwa shi ne wurin da gardama ke tashi, tunda wasiƙar iyali da ke cewa wane ne ya riƙe bindigar ba ta da wuyar yin jabu. Ga kuma gobarar 1864 da ta cinye masana'antar Colt da ke garin Hartford ana tsaka da yaƙin basasar Amurka, abin da ya bar giɓi a bayanan wancan zamani. A Yaƙin Duniya na Biyu ma, kamfanin Remington Rand ya fi Colt ƙera bindigar 1911, kamfanin Singer kuma ya yi 500 kacal, duk littattafan Colt ba su shafe su ba.

Ina ganin duk mai shirin sayen Colt mai tsada ya nemi takardar kafin ya taya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu dillalai ke ajiye ta kusa da labarin da ba ta tabbatar ba, har mai saye ya ɗauka kamfanin ne ya shaidi duka biyun.