Shagon hayar keke a Ɗa'ifa da hanyoyin tsakuwar Shafa

Mu mazauna Makka mun san daɗin Ɗa'ifa tun muna yara: da zafi ya matsa sai a hau dutse a sha iska. Makka ba ta kai mita 300 sama da teku ba, Ɗa'ifa kuwa tana wajen mita 1,800, Shafa ma, yankin tuddan da ke kusa da ita, ta haura 2,000. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, bayan wuraren shaƙatawa da rumfunan rumman da inabi, akwai hanyoyin ƙasa da tsakuwa da suka ratsa ƙauyuka da gonaki, ka hau tudu ka gangara kwari ka sake hawa. Su ne ke kawo ni yanzu, kuma keken da nake bin su da shi a wani ɗan shago nake ɗaukar hayarsa.

Mai shagon dattijo ne Bahaushe, haifaffen ƙasar nan, kakanninsa suka biyo ta Sudan zuwa aikin Hajji suka zauna. Kowa Baba yake ce masa. Shagon ƙofa ɗaya ne, tayoyi rataye a bango, kekunan yara masu jiran faci sun cika gaba. Kekunan tsakuwar suna can ciki, ba su da yawa, kuma ba sababbi ba ne. Wanda ya saba da manyan shagunan Jidda masu gilashi da sanyin na'ura zai iya leƙawa ya wuce. Ina ba shi shawara ya shigo.

Baba ba ya miƙa maka keke sai ya tambaye ka abu biyu: nauyinka, da inda ka nufa. Daga nan ya durƙusa a gaban taya, ya danna ta da babban yatsa, ya buɗe bawul ya saki iska tsit-tsit, ya sake dannawa, sannan ya ɗauko ma'auni ya tabbatar. Tayoyinsa faɗin milimita 40 zuwa 45 ne, alhali na keken tsere a kwalta 25 zuwa 28 ne. Iskar da yake bar mini kamar psi 35 ce a ma'aunin ƙarfin iska, ƙasa da rabin abin da ake dura wa keken tsere. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Ɗana, taya mai tauri tsalle take a kan dutse. Mai laushi ita ke rungumar ƙasa." Na ga gaskiyar maganar a gangarar farko: keken bai zame ba, hannuna bai yi tsami ba.

Tayoyin duk marasa tiyub ne, da ruwan danƙo a ciki mai toshe huji da kansa. A wannan ƙasa mai ƙaya, wannan shi ne rabin aikin. Ruwan yana bushewa da wuri saboda zafi da bushewar iska, don haka duk bayan wata biyu ko uku yake ƙara sabo, kuma yana rubuta ranar da ya zuba a kan ɗan tef a jikin keken. Na sha ganinsa ya girgiza taya a kusa da kunnensa yana sauraron motsin ruwan. Giyar keken ma ya shirya ta don dutse: haƙoran da sarƙa ke bi 40 a gaba, mafi girma a baya 42, wato kana iya hawa tudu mai tsini kana zaune a kan sirdi. Birki na faifai ne. Sarƙa kuwa busasshen mai yake sa mata, domin mai danƙo ƙura yake tarawa.

Hanyar da ya fi tura mutane ita ce ta Shafa, kudu maso yammacin gari, tafiyar kamar rabin sa'a a mota. Daga inda kwalta ta ƙare sai ka faɗa tsakanin gonakin da aka yi wa matakala da katangar dutse, bishiyoyin ar'ar a gefen tuddai, rumbunan zuma nan da can. Hawan ba dogo ba ne, amma ba ya ƙarewa. Ka gama wannan, wani na jiranka, kuma iskar can sama ba ta cika ƙirji kamar ta Makka, dole ka rage gaggawa. In kana da hali ka zo daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin tsinkar wardi. Ana tsinkarsa ne daga asuba kafin rana ta ɗaga ta kwashe ƙanshin. Ka fito bayan sallar Asuba, za ka riƙa wuce ma'aikata sunkuye a cikin layuka, kwanduna da buhuna cike da jan fure mai haske, ana ɗora su a bayan mota zuwa wurin da ake dafa su a tukwanen tagulla a tatsi mai da ruwan wardi. Ƙanshin yana bin ka har kan tudu na gaba. Baba ya ja mini kunne kan abu ɗaya: kada in shiga gonar mutum da keke ko da ƙofa a buɗe take, in yi sallama in tsaya a bakin hanya. Ina yin haka, kuma sau da yawa shayi ake miƙo mini.

A nan ne sanin Baba ya fi kekunansa daraja. Ya san hanyar da ambaliya ta cinye bara, ya san garken da karnukansa ke bin keke, ya san kwanar da birai ke taruwa, har ya ce kada in saka ayaba ko burodi a aljihun baya. Ya san lokacin da hazo ke rufe Shafa har ba ka ganin gabanka. In ya ga hadari ya haɗo, ba ya yarda ka bi cikin kwari, domin ruwan da ya sauka a dutse can nesa yana iya iske ka a wurin da ko ɗigo bai sauka ba.

Hanya ta biyu ita ce wajen Saisad, gabas da gari. Can ƙasa ta fi bushewa, tuddan sun fi kwanciya, ga yashi a cikin kwari, ga itatuwan ƙaya ko'ina. A can ne na ji ƙaya ta shiga tayar gaba, farin ruwa ya ɗan feso a ƙafata, na ci gaba da taka feda, kafin in tsaya hujin ya rufe. Ladan wahalar ita ce tsohuwar madatsar ruwa ta dutse, wadda rubutun da ke kusa da ita ya nuna an gina ta a shekara ta 58 bayan Hijira, zamanin Mu'awiya ɗan Abu Sufyan. Ka jingine keke ka tsaya a gaban aikin da ya haura shekara 1,300, abin ya cancanci gumin.

Hada kuwa, dutsen da ke kan hanyar Makka, bai cika tura mutane can ba. Kwalta ce da motoci, ba abin da muka zo nema ba ne.

Akwai inda shagon ya gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Kekunan matsakaita ne kusan dukkansu, dogon mutum zai sha wuya, gajere ma haka. Hulunan kwanon da yake bayarwa sun tsufa, soson ciki ya lotse, ka zo da taka. Sirdin wasu kekunan ya yi tauri ga wanda bai saba ba. Abin da ya fi damuna shi ne hanyoyin duk a kansa suke. Da baki yake kwatanta maka, wani lokaci ya zana a bayan takardar rasit, ba ya da taswirar da za ka saka a waya. Na roƙi ɗansa ya riƙa adana su a waya don baƙi, ya ce in sha Allahu, har yanzu muna jira. Saƙon WhatsApp ma sai ya kwana bai duba ba, gara ka kira.

Kuɗin hayar yini bai kai abin da mutum biyu ke kashewa a cin mandi, wato shinkafa da nama, ba, kuma a ciki har da famfo, tiyub na ko-ta-kwana da ɗan makullin gyara. In kana son fita da asuba, ka karɓi keken tun daren jiya, domin ba ya buɗewa da sassafe. Ka ɗauki ruwa gora biyu aƙalla, da rigar sanyi in hunturu ne, ka kuma gaya wa wani inda ka nufa, don akwai kwarurrukan da waya ba ta kamawa. Ni dai na riga na ce ya ajiye mini keken nan mai ruwan toka don Afrilu mai zuwa.